Kwaɗon da Na Liƙa a Bangon Lima

Ni na liƙa shi.
Tun farkon Nuwamba, da tsani da bokitin gam,
daga titin Abancay har gadar kogin Rímac,
kwaɗo kore, baki har kunne,
tsayinsa ya ninka nawa sau uku.
Brinquito sunansa.
Ka taɓa bayansa ya yi tsalle,
ka faɗa masa sunanka ya maimaita.
A ƙasa, da jan rubutu: Ana samu a kowane shago.
Wannan layin ni na bi shi da buroshi
na kore iskar da ta maƙale a ƙarƙashi
don kada harafi ɗaya ya lanƙwashe.

Nayeli, shekara shida,
ta gan shi ta tagar bas ran Lahadi.
Ba ta yi kuka ba, ba ta ja min riga ba.
Cewa ta yi, Baba, ai kai ka san gidansu.

To.

Shago na farko, a Jirón de la Unión,
yarinya mai jar hula ta ce jiya ya ƙare.
Na biyu, kanta ce fayau,
sai ɗan katin farashi ya rage shi kaɗai
kamar haƙori guda a bakin tsoho.
Na uku aka ce in rubuta suna.
Na rubuta Eusebio Huamán
a ƙarƙashin mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Na bakwai mai gadi ne ya tare ni a ƙofa,
ban buɗe baki ba ya ce babu.
Fuskata ya karanta,
fuskar da duk iyayen garin suka ɗauka a makon nan.

Da na fito, ga shi tsallaken titi yana min dariya,
gam ɗina bai gama bushewa a gefensa ba.

Wani a waya ya ce yana da biyu,
sol ɗari huɗu kowanne.
Kuɗin hayar ɗaki ke nan, har da wuta.
Na ce Allah ya kawo kasuwa.

Jajibirin Kirsimeti na kutsa Mesa Redonda,
inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa sai an yi sa'a.
Doña Felícita ta zaro wani daga buhu,
korensa ya ɗan yi duhu,
ido ɗaya na kallon teku, ɗaya na kallon tsauni.
Brinkito, in ji kwalin, da wani harafi daban.
Sol goma sha takwas.
Yana tsalle? Yana yi, in ya ga dama.
Yana faɗin suna?
Ta ce, malam, kai ba ka da baki ne?

Sha biyun dare, ana ta harba wuta sama,
Nayeli ta yage takarda.
Ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe.
Ta sa bakinta a kunnensa ta faɗi sunanta.
Shiru.
Daga bayan kujera na matse murya na ce, Na-ye-li.
Ta san ni ne.
Ta sake faɗa.
Sau goma sha huɗu muka yi kafin barci ya ɗauke ta.

Tsakiyar Janairu jirgin ruwa ya iso Callao.
Yanzu kwaɗi sun cika gari,
tuli a bakin kowace ƙofa, rabin kuɗi,
ba mai ko ɗaga kwali.
Nata yana ƙarƙashin matashi, ƙafa ɗaya ta ɓalle.

Litinin aka ba ni sabon naɗi,
jakar makaranta mai fitila a baya.
Na hau tsani na shafa gam a fuskar Brinquito.
Ban karanta layin ƙasa ba tukuna,
amma ja ne.